Farin Gari a Hanyar Gonar Baba

Masara ta fara goyo ranar da Baba ya aiko a kira ni daga Samaru. Lokacin ina koyarwa a wata firamare, ƙauyenmu kuma tafiyar rabin awa ce a kan babur. Da na isa ko ruwa bai bari na sha ba, ya rataya fartanya ya ce in biyo shi.

A kan 'yar hanyar da ta ratsa gonarmu ya tsaya ya nuna mini ƙasa. Farin gari ne tsibi-tsibi, kamar an zuba da ludayi, bayan kowane 'yan taku. A mararraba an yi da'ira da shi.

"Asabar uku ke nan," in ji shi. "Da safe wani ya zo ya zuba. Da la'asar sai ga Turawa a guje, maza da mata, da gajeren wando, suna ihu. Ke da kika yi boko, mene ne wannan?"

Na ce ban sani ba. Na durƙusa zan taɓa, ya daka mini tsawa. Matan gidanmu sun riga sun yanke cewa sammu ne, har an daina sakin kaji. Baba dattijon coci ne, bai damu da sammu ba. Tsoronsa daban ne. Yana yaro ya ga baƙi sun shafa farin fenti a duwatsun gonar kakanmu, shekara na zagayowa aka kewaye wajen da waya.

"Awo ne," ya ce. "Tunda kina jin harshensu, ki shiga cikinsu ki jiyo mini."

Shigar ba ta yi wuya ba. Akwai wani mutumin Ghana, malami a jami'a, da 'yarsa ke ajina. Na tare shi a bakin makaranta na tambaye shi, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya ce wasa ne kawai: mutum ɗaya ya riga ya zuba fulawa, sauran su bi sawu, wata hanyar ta gaskiya, wata ta ruɗi. Ya ce in zo ranar Asabar, zai ɗauke ni.

Sun kai ashirin. Akwai Turawa, da Indiyawa, da 'yan Ghana, da wata 'yar Kenya. Abin da ya haɗa su Turanci ne, da kuma rashin dangin da za su je wa ranar Asabar. Shugabarsu wata doguwar Baturiya ce, matar wani malami, mai yawan fara'a, irin fara'ar da ta sa na ƙara kama kaina. Na bi su cikin gonakin mutane da zanena da silifas, ina jin kunya duk inda muka wuce masu noma. Bayan gudu sai a cika motoci a nufi Sabon Gari, wani wajen cin abinci a bayan unguwar PZ, a zauna kan fararen kujerun roba ana shan farfesun kifi da giya. Ni lemo nake sha. Suna ƙorafin wutar lantarki, suna ba juna labarin inda ake samun cuku da likitan haƙori mai kyau.

Mutum ɗaya na sa wa ido. Wani tsohon Bature ne da ba ya gudu, kullum yana baya da jaka a kafaɗa. Sau uku na gan shi ya tsuguna a gonar mutane, ya ɗebi ƙasa a leda, ya yi rubutu, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Da na kai wa Baba labari, sai ya gyaɗa kai.

"Ban faɗa miki ba? Sauran rakiya suke yi masa."

Daga nan na shiga tambaya. Ina za a je mako mai zuwa? Wa ke zaɓen hanya? Tsohon nan zai zo? A ina yake zaune? Amsoshin suka fara gajarta. Na lura in na matso hira sai ta mutu, wani ya ɗauko zancen ƙwallo. Na kuma gane cewa ta waya suke tura wa juna wurin haɗuwa, ni kuwa ba a sa lambata ba. Na ce a raina, to, lalle akwai abin da ake ɓoyewa.

Asabar ta huɗu da shigata cikinsu, a wajen farfesu, mutumin Ghana ya yafito ni gefe, kusa da mai wanke kwanoni.

"Malama, zan tambaye ki, kada ki ji haushi. Wa kike kai wa labarinmu?"

Lokacin an fara jin satar mutane a kan hanyoyi, kuma kowa na cewa ba a ɗaukar mutum sai da na kusa mai ba da rahoto. Nan na gane abin da suke zato: ni ce mai ba da rahoton. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da bakin rantsuwa, domin lalle labarinsu nake kaiwa. Na gaya masa komai, da farin fentin, da kajin da aka kulle. Ya daɗe yana kallona. Ya yi dariya, amma ba irin ta bakin makaranta ba.

Washegari bayan an taso daga coci, sai ga Baturiyar da tsohon a ƙofar gidanmu. Aka shimfiɗa musu tabarma, ni ce tafinta. Tsohon ya buɗe jakarsa ya fito da busasshen ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa da masara, ya ce a kanta yake bincike, shi ya sa yake ɗiban ƙasa. Baba ya karɓa ya jujjuya ta a hannu.

"Ki tambaye shi, a garinsu haka ake shiga gonar mutum ba sallama?"

Na sassauta maganar kafin na juya ta, duk da haka kunnuwan tsohon suka yi ja. Suka ba da haƙuri. Mama ta gasa musu masara, suka ci, Baba ya raka su har mota. Da ƙurar motar ta lafa, ya ce, "A fuska dai mutanen kirki ne." Cikin makon nan ya kira mai unguwa da maƙwabta biyu suka zaga iyakar gonar, ya dasa itacen aduruku a kowace kusurwa.

Masu gudun sun canja hanya, ba su sake bi ta wajenmu ba. Na ƙara zuwa sau biyu. An karɓe ni da fara'a, har an ajiye mini kujera kusa da shugaba, amma lambata ba ta shiga wayarsu ba, ni ma ban roƙa ba. Sai na daina zuwa.

Ana gab da Kirsimeti na ci karo da Baturiyar a wani kantin yadi a PZ. Ta rungume ni, ta tambayi Baba da Mama. Ta ce za su je gida hutu. Ni kuwa, don gaisuwa kawai, na ce yaushe ne tafiyar. Ta buɗe baki, ta ɗan dakata, sannan ta ce ba su tsayar da rana ba tukuna. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta taya ni zaɓen atamfa, muka rabu a bakin titi.