Kafintan da Ya Bar Wutar Safe Ta Wuce

Da sassafe yake buɗe shagon, kafin sauran masu shaguna su fito. Ba ya jan ƙofar ƙarfen nan a ƙasa, ɗaga ta yake da kafaɗa don kada ta yi ƙugi a kan siminti. Sai ya zauna a benci ya jawo katako. Daga nan har rana ta ɗaga sosai, aikin Baba Kafinta na shiru ne: awo, shafa gam, gogewa, fenti. Guduma na rataye a ƙusa, injin yanka katako na lulluɓe da buhu. Ƙwan fitila kuwa na ci a saman kansa, wato akwai wuta. Duk wanda ya san layin nan ya san da safe kaɗai ake kawo ta, rana na yin tsaka a ɗauke.

Haka ya yi shekaru yana kallon wuta tana wucewa. Sai masu walda da masu niƙa sun ci rabonsu sun kashe inji, sannan shi ya ɗauki zarton hannu, a cikin zafin nan da ko kare ke neman inuwa. Mutanen layi ba su raga masa ba. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce rowar kuɗin wuta ce. Mai walda har waƙa yake masa: "Baba, injin naka amarya ce da ba a buɗe mata fuska?" Ya yi murmushi kawai ya ci gaba da goge katakonsa. Kalmar da ta fi zama a bakin mutane ita ce lalaci.

Bangon bayan shagon shi ne bangon ɗakin kwanan Maman 'Yan Biyu, matar wani direban babbar mota. Ita ma lalaci ake ce mata.

Ciwonta ba ya kumburi, ba ya jini, ba ya fitowa a hoton asibiti. An ɗebi jininta har ta gaji da miƙa hannu, kullum a ce lafiyarta ƙalau. Amma kafaɗu, wuya, ƙugu, cinyoyi, ko'ina ciwo yake kamar an kwana ana dukanta. Wata rana ko ɗaurin zani sai ta cije leɓe. Da ƙyar aka dace da likitan da ya ba abin suna, faibiromayaljiya, ya kuma faɗa mata yadda yake tafiya: ciwon ba ya barin barci ya yi zurfi, rashin barcin kuma ya wayi gari ya ƙara wa ciwon ƙarfi. Kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Mijin ya ji sunan, ya kasa maimaitawa, ya yanke hukuncin cewa gadon ne ba shi da kyau.

Gadon ne ya kai Baba Kafinta ɗakin. Ya duba ƙafafu, ya danna allunan, ya ce, "Direba, gadon nan ko giwa ya ɗauka."

"To me ke hana ta barci? Mace ta kwana a kwance ta tashi tana cewa ta gaji!"

Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, idanun nan sun faɗa. Ta ce, "Baba, ba gadon ba ne. Dare kam juyi nake, ko na runtsa sama-sama ne, ina jin komai. Sai gari ya waye yara sun tafi makaranta nake samun na kirki. In na samu, ranar har wanki nake yi. In kuwa aka tashe ni..." Sai ta kalli bangon shagon, ta sunkuyar da kai.

Ba ta roƙe shi ba. Kunya ba za ta bar ta ta ce wa dattijo ya kashe abin da yake ci da iyalinsa ba. Shi ma bai yi alkawarin komai ba. Ya tattara kayan aikinsa ya fita, washegari ya samo buhu ya rufe injin.

Kai ne, Baba, ka yarda da ciwon da ba ka gani ba, alhali wanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita bai yarda ba. Ba ka iya faɗin sunan cutar ba har yau, "ciwon nan nata" kake cewa. Kai ne mai makaranta ya kawo wa aikin kujerun aji guda, ya ce yana so cikin gaggawa, ka ce sai dai ya yi haƙuri da saurin hannu. Ya kwashe aikin ya kai gaba, a gaban mutane ya ce ba ka da zuciyar nema. Mai shagon kusa da kai ya ga ranar da wata mota ta tsaya a bakin layi tana ta hon, ka fito ba takalmi, kana ɗaga hannuwa kamar mai tare gobara. Direban motar ya zage ka tas, ka ba shi haƙuri a kan laifin da ba naka ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, layin nan kaf an ga amfanin abin, ba a dai san daga ina ya fito ba. An ga Maman 'Yan Biyu ta dawo tana shanya, tana raka yara bakin titi, har kitso ta koma yi wa maƙwabta. Ciwon bai tafi ba, irinsa ba ya sallama, amma ya sassauta ya bar ta ta zama uwa. Mijin ya ce ai dama ya faɗa, sabuwar katifar da ya saya ce. Mata suka ce ta dai ga dama ta daina shagwaɓa. Babu wanda ya waiwayi tsohon da ke jan zarto da rana tsaka, gumi na ɗiga a kan katako.

Zarton ne ya cinye kafaɗar. A hankali hannun dama ya ƙi ɗaguwa, har ya zama ko hula sai da hagu yake sawa. Bana babban ɗansa ya karɓi shagon, magidanci mai 'ya'ya, kuma ranar farko ya yaye buhun.

"Ɗana, ka bari ko zuwa hantsi," in ji tsohon.

"Baba, hantsin ne wutar. Ka duba layin nan, wa ya rage yana kawo mana aiki? Ka kashe kafaɗarka saboda matar da mijinta ko gaishe ka ba ya yi. Ni ma so kake in ƙare haka?"

Yaron bai yi ƙarya ba. Ni ba zan zage shi ba. Haushina na kan sauran mu, da muka bar mutum ɗaya ya ɗauki abin da layi guda zai raba bai ji nauyi ba. Da mai walda ya ba shi aron janareto da yamma, da mijin ya mayar da gadon ɗaya ɗakin da ya cika da tayoyi da jarkoki, da ba a zo nan ba.

Baba Kafinta bai zauna ba. Da hannu ɗaya ya cika buhuna da garin katako ya jera su jikin bangon, ya toshe da tsohuwar katifa. Ƙarar ta ragu kaɗan, amma rawar injin ta cikin ƙasa take bi. Kafin wata ya ƙare, igiyar shanyar Maman 'Yan Biyu ta koma wayam. Da ya shiga ba ta haƙuri, a ƙofar kicin ya same ta, kwance a kan tabarma bisa siminti, don nan ne ya fi nisa da bangon. Matar da zani ke yi wa ciwo.

Ya tsuguna. Ita ce ta riga shi magana.

"Baba, don Allah ka daina zuwa ba ni haƙuri, nauyi kake ƙara mini. Na sani tun ranar farko. Da safiyoyin da ka bar mini na raini yaran nan."

Mun gode, Baba Kafinta. Allah Ya saka maka, Ya sassauta wa kafaɗar nan, tunda mu ba mu iya ba. Ku kuma masu inji, masu hon, masu buɗe rediyo har ƙarshe, kafin ku danna makunni ku tambayi wa ke kwance a bayan bangonku. Ba a ce ku ba da kafaɗa kamar shi ba, awa guda ma wani abu ne. Ku yi shawara da wuri, don gobe da safe za a kawo wuta, kuma tana nan a kan simintin.