Bango na Goma Sha Biyu

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar wata Laraba, shekara bakwai ke nan cif, kawuna Nomau magini ya cika a zaurensa. Mu uku ne a kansa: Liman Assumana, da mahaifiyata wadda ƙanwarsa ce, da ni. Na zo daga Tawa, inda nake aikin gidan waya, da takarda da alƙalami.

Ƙauyenmu yana arewa da Takanamat, a ƙasar Adar, kuma ba mu da abin nunawa sai masallacin ƙasa da kakanni suka gina. Tsarinsa shi ne, an raba bangon kashi goma sha biyu, kowane gida da nasa. Kafin damina akan yi yaɓe. Da farko a kwaɓa ƙasa. Na biyu, magini ya kewaya yana kiran sunan gida a gaban kashinsa. Na uku, masu shi su sa hannu. Gidan da ya ƙare ko ya yi ƙaura, akan kira sunansa sau uku, a ajiye curin ƙasa a gindin bangon, kowa ya bar wurin har azahar. Daga nan ne maƙwabta ke yaɓe musu. Kawu kaɗai ya riƙe sunayen duka, a ka.

Ranar nan ya fara faɗa mini su yadda suka zo masa, wannan daga kudu, wancan daga yamma, yana haɗawa da labarin kowa. Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta koya mini jeri. Na tsayar da shi, na ce ya koma ya faro daga alƙibla, ya bi dama.

"Ɗan Hadiza," in ji shi, "kai dai da son layi. Ka bar ni in tahi yadda ƙahwata ta saba."

Ban bar shi ba. Ya koma farko. Mun kai na goma sha ɗaya numfashi ya gagara. Na goma sha biyu shi ne na arewa, mai 'yar taga. Ya ɗaga hannu wajen, bakinsa na motsi, Liman ya soma laƙƙana masa kalmar shahada. Da na sani ƙeya ce.

Shekara biyu muka yaɓe goma sha ɗaya, muka bar ɗayan. Tsofaffi sun ce masu shi maginan rijiya ne da suka tashi a wata tsohuwar yunwa suka yi wajen Sakkwato, amma suna ya ɓace musu. A shekara ta uku na ce wannan sakarci ne, na sa aka yaɓe shi ba kira. Muka gama da hantsi, muka zauna inuwar aduwa. Rana ta take tsaka, ko ganye ba ya motsi. Sai yaɓen nan ya rabu da bango gaba ɗaya, kamar an kware tabarma, ya kwanta ƙasa bai fashe ba. A fuskarsa ta ciki akwai shatin tafin hannu, sahu sahu, duka na hagu.

Liman ya ce shatin tsohon yaɓe ne ya fito. Ban yi masa musu a gaban jama'a ba. Da aka watse na shafa tsohon bangon daga sama har ƙasa. Sumul yake. Mun sake gwadawa bara waccan, ya sake faɗowa da tsakar rana. Tun daga nan ba mai tsayawa salla a wannan kusurwa, ko da masallaci ya cika.

Yau tsagar da ke wurin tana shan hannun babban mutum, kuma azarar rufi a kanta take zaune. Samarinmu da suka dawo daga cin rani sun ga masallatan siminti da kwano, suna so. Dattawa sun yanke cewa in bangon ya faɗi a daminar bana, za a rushe sauran. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nakan tambayi kaina abin da Kawu zai ce. Ba na jin zai zagi siminti, mutum ne mai son aiki mai ƙarko. Amma zai tambaya, a bangon da ba a yaɓewa, wace rana ake kiran waɗanda suka tafi? Bai bar gona mai yawa ba, bai bar ɗa namiji ba. Abin da ya bari shi ne gidaje huɗu da ba sauran mai numfashi a cikinsu, amma duk shekara ana ambatonsu da ƙarfi a tsakiyar gari. Na biyar, gidan masu bangon taga, ni na yanke shi.

Saboda haka, mai karatu, ko kana Sakkwato ko Ƙonni ko Tawa, in ka taɓa jin kakanka maginin rijiya yana cewa suna da bango a wani masallacin arewacin Adar, kusa da taga, ka zo gidan waya na Tawa ka nemi ɗan ƙanwar Nomau. Ba sai ka kwaɓa ƙasa ba. Sunan gidan kawai za ka faɗa mini, kafin ruwan fari ya sauka.