Dogon Wuya da Na'urorin Hango Jirage

Haihuwa

An haifi marigayi Kyaftin, wanda abokan aiki suka fi sani da Dogon Wuya, a shekarar 1952 a wani gari da ke gefen ƙaramin filin jirgi. Mahaifinsa makanike ne, mahaifiyarsa kuwa mai ɗinki.

Karatu da Aiki

Bayan kammala sakandare a 1971, ya shiga makarantar koyon tuƙin jirgi, daga bisani ya zama malami a cikinta. Laƙabin nasa ya samo asali ne daga leƙen taga hagu da dama ba hutu, domin a zamanin ido kaɗai ke hana ƙananan jirage yin karo a sama.

Iyali

A 1978 ya auri wata malamar asibiti, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku. Auta ce ta bi sawunsa, duk da faɗan da uwarta ta sha yi.

Gwajin Na'urori

Da na'urorin hango jirage suka shigo, makarantar ta ɗora masa alhakin zaɓar wadda za a saya a 2012. Daɗin bakin dillalai bai ɗaɗa shi da ƙasa ba. Sai ya riƙa tura Auta sama a wani jirgin ta gifta nesa da shi, ya ga wa zai riga hango ta, idonsa ko na'ura. Na'urori uku ya gwada: ta farko tana nuna jirage a allo daki-daki, amma tana sa ɗalibi sunkuyar da kai kamar mai neman allura. Ta biyu ba ta ganin kowa sai mai ɗauke da irinta. Ta uku a kunne take magana, sai dai ta cika kururuwar banza, kuma ita ya zaɓa, yana cewa, "Gara ta dame ni, idona na waje."

Ajiye Aiki

A wani gwaji na 2015 na'urar ta ce masa ga jirgi ta dama. Ya duba, ya sake dubawa, har Auta ta wuce bai gan ta ba. Yana sauka ya miƙa wa Auta makullin jirginsa, ya ce, "Na'urar ta ci, babanki ya faɗi." Abin ya yi masa ciwo matuƙa, amma bai sake tuƙi ba. Ya ƙare rayuwarsa cikin rufin asiri, yana shan shayi a rumfar jirage yana tsokanar ɗalibai.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a 2021 bayan gajeriyar jinya, aka sallace shi aka binne shi a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban, likitan dabbobi, na tsakiya, ɗan kasuwa, sai Auta, shugabar malaman makarantar, wadda har yau take cewa da ta san tashinsa na ƙarshe ke nan, da ta kunna fitilun jirginta ya gan ta.