Hannun Mang Sebyo

Tsoron ya shiga Mang Sebyo ne ranar da aka harbi ɗan maƙwabcinsa a bakin lungu, da rana tsaka. 'Yan sanda sun ce ya tsaya, ya kuwa tsaya. Sai ya sa hannu a aljihu zai ciro waya ya kira uwarsa. Mang Sebyo yana tsaye da kekensa na burodi, ya ga komai, bai kuma sake zama mutumin da aka sani ba.

Tun yana saurayi yake sayar da burodin safe a lungunan unguwar Tondo. Mutum ne siriri, mai ciwon asma, mai yawan barkwanci da matan unguwa. Da wannan keken ya biya wa 'yarsa Luningning kuɗin karatu har ta gama jami'a. Amma tun ranar nan huɗuba ɗaya ya riƙe, a wurin cin abinci, a bakin famfo, har a hanyar coci.

"In suka tsayar da ke, hannu a waje. Kar ki gudu, kar ki yi musu. Ko wuta ce ta kama aljihunki, bar ta ta ci."

"Tay, ni da ko aiki ban samu ba, wa zai kama ni?" in ji Luningning, wadda ke kiran uban Tay, wato baba. "Kai ma da wannan tsohon keken, ko ka gudu akuya za ta cim maka."

"Yi dariyarki, 'yar jami'a."

Ranar Talatar da ta wuce, da safe, 'yan sanda suka rufe lungun suna neman wani. Aka jera mazan da aka samu a jikin bango. Luningning ta fito da gudu, wata 'yar sanda ta tare ta. Daga nan ta hango uban, hannuwansa a sama, ƙurar motoci na tashi. Ta ga kafaɗunsa sun fara ɗagawa. Ta san wannan numfashin. Maganin shaƙarsa yana aljihun wandonsa na dama, ita ta saka masa da kanta.

"Tay, ciro maganin!"

Ya dube ta, ya girgiza kai kaɗan. Bai sauke hannu ba.

"Yallaɓai," ta ce wa ɗan sandan da ke kusa da shi, tana ƙoƙarin daidaita murya kamar yadda ya koya mata, "babana ba shi da lafiya. Maganinsa na aljihu."

"Kowa ya tsaya inda yake. Yanzu za mu gama."

Ba su gama da wuri ba. Sai da ƙafafunsa suka saki ya zame a jikin bango, hannuwan har lokacin suna sama, sannan wani matashi cikinsu ya durƙusa ya laluba aljihun. Ya kasa gane yadda ake amfani da abin. Su ne suka ɗauke shi a motarsu zuwa asibiti.

Keken yana jingine a ƙofar gida. Aling Pacita, matarsa, ta raba wa yaran lungu burodin kafin ya bushe. Luningning kuwa ko ƙarar babur ta ji sai ta ga ta ɗaga hannu.

Mang Sebyo yana kwance a asibiti da na'ura a bakinsa. Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ta daɗe ba ta sami iska ba. Har yanzu ba ta faɗa musu ko zai farka ba.