Gishirin da Muka Hana Gwaggo

Jiya ina barbaɗa gishiri a miya sai Gwaggo ta faɗo mini, nan take raina ya ɓaci. Kafin ta miƙe takan zauna a bakin gado, ta dafe katifa ta ce, "Ku dakata, jinina bai iso kai ba tukuna." Dariya muke yi mata.

Ranar da jiri ya kayar da ita a gidanmu na Unguwar Mu'azu, Baffa, yayanta, ya ce hawan jini ne. Ya hana a sa mata gishiri, ya riƙa ba ta ƙwayoyinsa. Ni nake kai mata miyar kuka lami. Ta ɗanɗana ta dube ni. "'Yar nan, ko ɗan ƙanƙani?" Na ce, "Baffa ya hana."

Sai da ta faɗi ta karye a ƙugu likita ya auna ta a kwance da a tsaye. Ashe jininta sauka yake yi. Gishiri da ruwa take buƙata. Ba ta sake tashi ba. Har yau Baffa cewa yake ƙaddara ce.

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo. Mu kuma Ya yafe mana, don ni ban yafe mana ba.