Tukunyar Yaya Naja'atu, Hoton Latifatu

An ba Latifatu rumfar balila ta ƙofar yamma a tsohon filin ƙwallon da ke bayan gidanmu. An kafa hotonta a bango, ya fi ƙofar ɗakina tsawo, an rubuta a ƙasa wai ita ce ta ciyar da 'yan kallo tun filin yana da rai. Ba ita ba ce. Yayata Naja'atu ce ta dafa balilar nan tun daga kofin farko har na ƙarshe. Latifatu ɗauka take yi ta kai ƙofa.

Ni ce Jawahir, ƙanwar Naja'atu ciki ɗaya. Ita ba za ta yi magana ba, na san halinta, shi ya sa na zauna na rubuta.

A Mai Wurno ta Sudan aka haife mu. Baba ya kawo mu Jidda ina goye, Yaya tana riƙe da gefen zanen Inna. Ni na samu na yi sakandare. Ita tun tana firamare aka cire ta don ta taya Inna aiki, daga nan sai aure. Mijinta Abduljalil direban tankar ruwa ne, ya kama musu ɗakuna a unguwar Nuzla, jikin katangar filin wani ƙaramin kulob, ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin ba. Da ciwon baya ya kwantar da shi, ga yara ƙanana, sai Yaya ta je kasuwar Balad ta sayo babbar tukunya.

Balila ba abincinmu ba ce, ta mutanen nan ce: waken hummus a dafa shi ya yi laushi, a zuba a kofi da ruwansa, a sa ɗan tsami da garin kamun, wani kayan ƙamshin girkinsu. Kowa na yi. Abin da Yaya ta ƙara shi ne yajin da Baba ke barbaɗa wa gasasshen nama, na ƙuli-ƙuli da citta da masoro. Ita ke soya gyaɗar, ita ke matse man da hannunta. Wanda ya ci sau ɗaya, sauran balilar garin salam yake jin ta.

Amma ba ta taɓa zama a ƙofar filin ba. A wurinmu matar aure mai 'ya'ya ba ta zama bakin hanyar maza da tire a gabanta. Dafuwa a gida, talla a waje, haka Inna ta yi, haka kakarmu ta yi. Da farko wata maƙwabciya ke kai mata. Sai Latifatu ta zo. 'Yar ƙanwar Inna ce, aurenta ya mutu a Sudan, ta sauka gidan da jaka ɗaya da tsinkakken takalmi. Abduljalil, da ciwon bayan nasa, ya yi ta sintiri wajen kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, har ta samu iƙama, takardar zama. Yaya ta ba ta katifa, ta ba ta abaya, ta ɗora mata kula a ka ta nuna mata ƙofar yamma.

Yaya ba ta taɓa ganin wasan da idonta ba, a lokacin ma mata ba sa shiga. Da kunne take kallo. Idan ihu ya tashi gaba ɗaya har murfin tukunya ya yi rawa, sai ta ce, "Namu sun ci, Jawahir, ɗora ta biyu." Idan shiru ya yi tsawo ta ce, "Rage wuta. Yau da fushi za su fito, mai fushi ba ya tsayawa cin balila." Ni ce mai daka, ni ce mai wanke kula, don nawa gidan a layin yake. Da tukunyar nan ta yi jinyar mijinta har Allah ya karɓi abinsa, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Gwiwoyinta a gaban murhu suka ƙare.

Sai kulob ya tashi. Sun samu sabon fili can arewacin gari, inda ba a zuwa sai da mota, kuma ba a barin mai tire ko kusa da ƙofa. Namu ya zama gidan kyanwoyi da tattabaru, ciyawa ta ƙone, kujeru suka koɗe. Yaya ta koma ƙaramar tukunya, tana sayar wa 'yan layi ta taga.

Bara wani kamfani ya karɓi filin. Sun yi aiki, ba zan hana su nasu ba. Ƙarƙashin kujerun kallo suka yanka rumfuna, ɗakin da 'yan wasa ke canza kaya ya zama kicin, tsakiyar fili lilo ne da kujeru da fitilu, da safe mata na zagaye shi suna motsa jiki. Suka ce rumfunan bakin ƙofa na waɗanda suka yi zama da filin ne tun da. Suka turo wata ma'aikaciyarsu, Rana, yarinya 'yar garin nan mai fara'a, ta bi tsofaffin 'yan kallo tana tambaya. Duk wanda ta tambaya sai ya ce balilar ƙofar yamma, ya nuna mata gidan Yaya.

Ta zo da la'asar. Muka yi mata shimfiɗa, aka kawo shayi. Mu uku muna zaune, Yaya da ni da Latifatu. Rana ta dube mu ta ce da Larabci, "To, ya Hajja, balilar nan ta wace ce a cikinku?"

Yaya ta gyara mayafi ta nuna Latifatu da haɓa. "Ta yarinyar nan ce. Ita ke shan rana. Ni me nake yi, ina zaune a ɗaki."

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ke biyo baya. Babba ba ya cewa nawa ne a gaban baƙo, sai ya tura wa ƙarami. Ƙaramin ya zabura ya ce a'a, wane ni, na Yaya ne. A tura, a dawo da shi, baƙo ya gane mai abu ba tare da kowa ya yabi kansa ba. Yaya ta yi nata. Muka juya muna jiran Latifatu.

Latifatu ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofin shayi. Juyawa take, juyawa take, sukarin ya daɗe da narkewa.

Na buɗe baki, Yaya ta danne min yatsan ƙafa da nata har sai da na ji zafi. Ƙanwa ba ta ƙaryata yayarta a gaban baƙo. Rana ta ce, "Masha Allah, mabruk ya Latifa," ta ɗauke ta hoto a waya, ta shanye shayinta ta tafi. Ita a saninta ta yi tambaya an ba ta amsa, shi ke nan.

Tana fita na ce, "Ke, kurma kika zama?"

Latifatu ta ce, "Yaya da bakinta ta faɗa."

"Ya isa," in ji Yaya. "Allah ya sanya alheri." Ta tashi ta kwashe kofuna.

Mun ɗauka ko ba komai dafuwar za ta zauna a gida kamar da. Ashe dokar kamfani ba a shigo da dafaffen abinci daga waje, sai a kicin ɗinsu, sai mai katin lafiya da sunanta a jiki. Latifatu kuwa shekara da shekaru tana ganin hannun Yaya, babu abin da ya ɓuya mata. Ta haɗa kayanta, jakar nan ɗaya ta zama akwatuna, ta koma unguwar Bani Malik.

Masu cewa Jawahir kyashi take yi, kun yi gaskiya, ku daina raɗa. Kyashi nake ji, har abinci ba ya yi min daɗi. Ina kyashin na'urar sanyin da ke hura ta a rumfa, alhali Yaya ta tsufa a kicin da ko tagar kirki babu. Ina kyashin farar rigar aikin da aka ɗinka mata, da sunanta da zare mai ruwan zinariya a ƙirji. 'Yan mata na tsayawa su yi bidiyo da ita, ya zagayo wayar 'yata, ta kawo min tana dariya, "Mama, shufi, duba, Hala Latifa, Antinmu, ta yi suna." Na ce ɗauke min wayar nan daga gabana. A bikin dangi yanzu ita ake matsa wa a kan kujera, mu a kafet, ana tambayarta sirrin yaji tana murmushi tana cewa na gado ne. Wadda ni na nuna mata hanyar Balad, ni na koya mata shiga tasi ba a cuce ta ba.

Wata Juma'a da yamma na matsa wa Yaya sai mun je. Ta ce gwiwa, na ce zan riƙe ki. Shi ne shigarta ta farko filin da ta yi rayuwarta a jikin katangarsa. Ta tsaya a tsakiya tana duban kujerun sama, ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne. Ihun ya fi shi girma."

Layi a rumfar Latifatu har ya lanƙwasa. Wani dattijo a gabanmu yana nuna wa jikarsa hoton, yana ce mata balilar matar nan yake ci tun babanta yana makaranta. Yaya na tsaye a bayansa tana kallon ƙasa.

Latifatu ta hango mu. "Ya hala, ya hala, lale marhabin! Yaya da kanta! Ku ba su hanya, 'yan uwana ne." Ta cika kofi biyu ta miƙo.

"'Yan uwanki," na ce. "Ba mai balilar ba."

"Yaya Jawahir, don Allah ba a nan ba."

"A ina to? A Bani Malik da ba ki nuna mana ƙofar ba? Ga bango can, faɗi gare shi, an rasa wurin suna ɗaya?"

Ta ajiye ludayi, ta rage murya ta juya Hausa zalla don kada na layi su ji. "Da 'yan baladiya na hukumar gari ke koro mu, wa ke gudu da kula a ka? Ranar da aka yi turereniya a ƙofa na faɗi a kan hannu, wa aka yi wa ɗori? Kuna gida fanka na juyawa. Ni ma fa na ci wuyar filin nan."

"Kin ci. An ce ba ki ci ba? Amma abin da ke cikin kular, daga sama yake faɗowa?"

"To ke da kika yi sakandare, da bakinki kamar reza, me ya hana ki magana ranar?"

"Kunya. Ki tambaya a gaya miki yadda take."

Yaya ta ɗaga kofinta. Ta kai cokali baki tana taunawa a hankali. Ni ma na ci, ina roƙo a raina Allah ya sa gishiri ya yi yawa. Bai yi ba. Balilar ta yi daɗi, irin ta gidanmu sak, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai. Yaya ta ce, "Hannunki ya faɗa, Latifatu. Allah ya ƙara kasuwa." Ta kama kafaɗata. "Yalla, gwiwata."

Tun ranar ko ƙaramar tukunyar ba ta sake ɗorawa ba. 'Yan layi su ƙwanƙwasa taga, ta ce babu, ku shiga fili akwai mai kyau. Matar da ba ta iya zama wuri ɗaya, yanzu sai na zo na tashe ta cin abinci, ta ci loma kaɗan ta ture. Wuni take a kan darduma fuskarta na duban katanga. Na kai ta asibiti, likita ya ce bai ga komai ba. Ni na gani.

Na je ofishin kamfanin na sami Rana. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "Wallahi ya Hala ban sani ba. Amma ita da kanta ta ce ba tata ba ce." Na ce, ke idan kin je gidan mutane aka ce ki ƙara abinci kika ce kin ƙoshi, janye farantin ake yi? Ta yi dariya ta ce a'a, ƙara zubawa ake yi. Na ce to mu ma haka muke da abin hannunmu. Ta ce za ta kai maganar gaba. Har yau shiru. Da zan fito kuwa na ga ana fentin sababbin rumfuna a ɓangaren gabas, na tambayi mai gadi ya ce ba a ba kowa ba tukuna.

Don haka ga abin da nake nema, ku masu kamfani. Ban ce ku kori Latifatu ba, ko da yake in kun yi ba zan yi kuka ba. Ku gyara rubutun bangon nan, ku sa sunan Naja'atu Mailafiya a matsayin mai balilar ƙofar yamma. Hoto ba za ta yarda ba, suna ya isa. Ku ba ta rumfa ɗaya cikin na gabas kafin ku raba su, da kujera mai jingina a kicin saboda gwiwarta. Ni zan tsaya a gaba in sayar, katin lafiya kuma mu je mu yi. In kun zo gaya mata za ta ce a'a, za ta ce a ba wani. Kada ku tashi. Ku sake faɗa, ku kuma sakewa, har sai ta yi shiru. Ke kuma Latifatu, ki biyo su, ki buɗe baki ki gaya musu balilar ta wace ce, da ƙarfi yadda Yaya za ta ji.