Gorar Kawu Ɗanjuma a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa gaida Kawu Ɗanjuma da safe ya san gaisuwar ba ta ƙarewa a "lafiya lau". Ka ce, "Kawu, ina kwana?" sai ya ce, "Lafiya lau. Ya ƙaru da inci huɗu." Baƙo sai ya yi ta waige-waige yana neman abin da ya ƙaru. Mu 'yan gida mun san Kogin Kaduna yake nufi. Shekara talatin ya yi a ma'aikatar ruwa, aikinsa guda ɗaya tak: ya je bakin kogi da sassafe, ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a littafi. Da aka yi masa ritaya ma bai fasa ba. Daga Unguwar Dosa yake hawa kekensa da wata doguwar gora da ya yi wa fenti ja da fari, ya je ya auno, ya dawo kafin mu gama shan koko.

Ni Hadiza, 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi. Tun da aka yi addu'ar arba'in ɗin rasuwarsa kuke matsa mini in rubuta labarin teku saboda yaran da ba su riski tafiyar ba. To ga shi. Wanda ya ga kamar na yi ƙari ya je ya tambayi matarsa, Inna Laraba, tana nan da ranta.

Kun san maganarsa: "Abin da ban auna ba, ban sani ba." Kuma a kan kogi dai ba a taɓa kama shi da kuskure ba. In ya ce wa masu lambu a bakin ruwa su kwashe kayansu kafin Juma'a, wanda ya yi gardama sai ya tsinci tumatirinsa yana iyo. Wannan suna shi ne duk dukiyar Kawu, yana ji da shi fiye da gidan da ya gina.

Abin ya samo asali ne daga wata wasiƙa. Akwai abokin aikinsa, Baba Sewanu, makanikin injinan ruwa, wanda ya yi shekaru a Kaduna har Hausa ta zauna a bakinsa, sannan ya yi ritaya ya koma garinsu Badagry, can gaba da Legas. Ya rubuto ya ce, "Ɗanjuma, kawo iyali su ga ruwan gaske, ka daina wasa da kwata." Kawu ya karanta sau uku, ya ninke, ya ce wa Inna Laraba ta fara dambun nama. Ana ba mu dogon hutu muka kama hanya, shi da ita da ni da 'ya'yansu biyu.

Tun a garejin Legas da ke Mando rigima ta fara. Kwandasta ya dubi gorar ya ce, "Baba, wannan sandar sai dai a ɗaure ta a sama."

"Wace sanda? Ma'auni ne. In rana ta lanƙwasa shi, kai za ka gyara mini lissafi?"

A tsakiyar mota gorar ta kwanta har Legas. Duk wanda ya tashi sai ya yi tuntuɓe da ita. Kawu ya ce masa sannu, sannan ya sunkuya ya duba ko fentin ya goge.

Har yau in na ji ƙamshin kifi banda sai garin nan ya faɗo mini. Ba wani gari ne na ƙarya ba. Gidaje ne gajeru masu tsatsar kwano, da bishiyoyin kwakwa, da masunta suna ɗinkin taru a inuwa. Iyalai su zo da tabarmi da kulolin abinci, yara su yi ta ƙwallo a yashi, ba mai kallon kayan jikin wani. Matar Baba Sewanu ta ba mu ɗakuna biyu, inda tawul ba ya taɓa bushewa. Mu yaran Kaduna da kayanmu muke shiga ruwan, iyakar idon sawu, muna riƙe da hannun juna, igiya na tasowa mu kwasa da gudu muna ihu. Ban taɓa jin daɗin wani hutu kamar waɗancan ba.

Ranar farko Kawu ya daɗe tsaye yana kallon teku. Can ya ce, "Sewanu, ina ɗaya gaɓar?"

"Ba a ganinta."

"Ba ku dai nema ba."

Ya naɗe ƙafar wando, ya kafa gorarsa a bakin ruwa, ya sa muka shimfiɗa tabarma taku uku a bayanta. Muna cikin cin shinkafa da dambu ya tashi ya je dubawa. Sai muka ga ya daskare. Ruwa ya hau ƙafa guda cikin awa ɗaya, ga sama garau ba ko gajimare. A Kogin Kaduna wannan ma'anarsa ɗaya ce. Kawu ya zaro usur ɗinsa na aiki ya busa, ya bi bakin teku da gudu, kaftani na tashi, yana kora mutane da Hausa da Turancin ofis: "Ambaliya! A kwashe yara!" Wata mai sayar da kwakwa ta yi dariya har addarta ta faɗi.

Baba Sewanu ya riƙo shi da ƙyar. "Ɗanjuma, kwantar da hankalinka. Kullum haka yake yi, sau biyu. Ya cika, ya koma. Wata ne ke jansa."

"Wane watan?"

"Na sama mana."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi sama da rana tsaka, ya sauke ido a kan abokinsa. "Shekara talatin ina auna Kogin Kaduna, wata bai taɓa sa masa hannu ba."

Suna cikin wannan musu igiya ta zo ta tafi da tabarmar, da kwanon dambu, da takalmin Kawu ƙafa ɗaya. Ya tsaya da ɗayan a hannu, mutane na ta dariya, kunya ta rufe shi. A nan ya ɗauki alkawarin da ya ci mana hutun shekara ashirin. Ya ce, "In Allah ya ba ni rai, sai na shimfiɗa tabarmata daidai inda ruwan nan zai tsaya. In zauna, ya zo ya gaishe ni ya koma, ban matsa ko taƙi ɗaya ba."

Daga nan duk dogon hutu sai mun je mun yi mako guda. Kawu ya buɗe wa teku littafi nasa daban, yana rubuta kwanan wata irin na kalandar ofis, kamar yadda aka koya masa a wurin aiki. Sai ya duba ya ce, "Bara, goma ga Agusta, ƙarfe huɗu, nan ya tsaya," ya shimfiɗa tabarma ya harɗe. Wata rana ruwan ko kusa ba ya zuwa, Kawu ya zauna shi kaɗai a busasshen yashi har magariba, ya tashi yana cewa yau tekun bai fito aiki ba. Wata rana kuma kafin ya gyara zama an yi masa wanka har wuya. Teku ya ci masa huluna, ya ci tabarau, ya ci rediyo ana tsakiyar labaran duniya.

Da na shiga sakandare na ga bayanin cika da komawar teku a littafinmu, har da zanen wata da duniya. Na kawo masa ina rawar jiki, a zatona na raba gardama. Ya juya littafin gaba da baya.

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa jiƙa wandonsa?"

"Ban sani ba, Kawu."

"To ni na jiƙa."

Duk wannan bidiri Inna Laraba ba ta taɓa sa baki ba. Tabarmarta daban take. Akwai bishiyoyin kwakwa uku a jere daga bakin ruwa zuwa sama. Wata rana ta zauna kusa, gaban ta farko, wata rana ta ja kayanta har gindin ta uku. Mu mun ɗauka inuwa take bi. Haka kuma wasu ranakun sai ta ninke wa Kawu kaftanin canji ta sa a jaka, wasu ranakun ta bar shi a ɗaki. Ba wanda ya lura cewa ba ta taɓa ɗauko shi a banza ba.

Tafiyarmu ta ƙarshe shekara guda ce kafin rasuwarsa. Lokacin Baba Sewanu ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa ne suka sauke mu. Ni ma da nawa yaran na je. Gwiwoyin Kawu sun gaji, gorar da yake auna ruwa da ita ta koma abin dogarawa, in ya zauna ƙasa sai mutum biyu sun ɗaga shi. Babban ɗansa, Yaya Sani, ya ce, "Baba, bana a kujera za ka zauna can sama. In ruwa ya taso ba za ka iya tashi ba." Gaskiya ya faɗa, kuma dukkanmu mun san ba lallai a sake wata tafiyar ba. Tausayinsa ya kama ni, don na ga alkawarin nan yana neman kubce masa.

 Kawu ya buɗe littattafansa a cinya ya yi ta juya shafi, sannan ya rufe. Ya ɗaga ido ya ga Inna tana shimfiɗa tabarmarta a gindin bishiya ta uku. Ya daɗe yana kallonta.

"Hajiya, zo mana. Tun da muke zuwa wurin nan, ruwa ya taɓa jiƙa tabarmarki?"

"A'a, Malam."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"Da me kike aunawa?"

"Da azumina," in ji ta. "Ranakun da nake azumin tsakiyar wata, sha uku, sha huɗu, sha biyar, bayan la'asar yakan hawo har kusa da bishiya ta biyu. Haka ma in wata ya zo ƙarewa. Sauran kwanaki ko ta farko ba ya kaiwa."

Kawu ya cire hula ya mayar. "Shekara ashirin kina kallona ina jiƙewa?"

"Ba ka tambaye ni ba, Malam. Kuma ai ina taho maka da kaftani."

Muka toshe baki. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Yau nawa ga wata?"

"Sha biyar."

"To nuna mini."

Ta taka a hankali ta tsaya ƙasa kaɗan da bishiya ta biyu, ta dubi ruwan, ta ja layi a yashi da babban yatsan ƙafarta. Kawu ya kafa gora a kan layin da hannunsa, ya ce a shimfiɗa tabarma taƙi ɗaya a bayansa. Yaya Sani ya yi magiya har ya gaji, ya koma ya tsaya a bayan uban yana naɗe hannun riga. Sai Inna Laraba ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bar tata tabarmar a sama, ta zo ta zauna kusa da mijinta.

Bayan la'asar ruwa ya fara matsowa. Kowace igiya ta ɗara ta baya. Ni dai ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can wata babba ta taso, ta fashe, kumfarta ta taho da gudu a kan yashi. Yaya Sani har ya kai hannu hammatar Kawu, Kawu ya buge hannun. Kumfar ta zo ta lashi gindin gora, ta tsaya, ta koma. Biyu suka biyo bayanta, nan suka tsaya su ma. Daga nan ruwan ya fara ja da baya, tabarma a bushe.

Kawu ya gyaɗa wa tekun kai ya ce, "Lafiya lau." Idonsa ya kawo ruwa. "Ashe Sewanu gaskiya ya faɗa." Sannan ya juyo ya harare ni, don ya san maganar littafin sakandaren nan ce a bakina. "Amma yau ne aka auna."

Bayan rasuwarsa ni aka sa in tattara takardunsa. A kowane shafi na littattafan nan akwai gurbin da ya rubuta "Mai awo", kuma tun daga na kogi har na teku sa hannunsa ne a wurin. A shafin ƙarshe na tarar ya soke kwanan kalanda ya rubuta sha biyar ga wata. A gurbin mai awo kuwa ya rubuta "Laraba". Tun da nake a gidan ban taɓa jin ya kira sunan nan da bakinsa ba. Na kai wa Inna na karanta mata. Ita boko bai dame ta ba, sai ta ce in nuna mata daidai inda sunan yake. Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Gorar tana nan a bayan ƙofar ɗakinta, da yashin Badagry a gindinta, ta hana kowa ya goge. Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ranar da za a auna ayyuka Allah ya sa alherinsa ya rinjaya. Ita kuma da ya bari, Allah ya ba ta haƙurin rashinsa, ya sake zaunar da su wuri ɗaya a Aljanna. Amin.